Lallen Inna da Ramin da Ya Cinye Hanya

Har yau in ina wanke shinkafa na ga ɓuntu ya taso yana yawo a kan ruwa, sai surukata ta faɗo mini a rai, Allah Ya haskaka kabarinta. Inna muke ce mata, mu duka, har da matan maƙwabta.

Ni a Talata Mafara na tashi, a can na yi sakandare. Aure ne ya kai ni wani ɗan ƙauye a bakin hanyar ƙasa da ke bi ta wajen Birnin Tudu ta nufi Bakura. Mutanen gidan da na shiga ba 'yan asalin wurin ba ne. Daga ƙasar Maradun suka zo, lokacin da aka tare gulbi a Bakolori ruwa ya hau garinsu ya shanye shi, da gidaje da gonaki da kaburburan iyaye. Mijin Inna bai daɗe da tashin ba Allah Ya yi masa rasuwa. Ita kuwa abu guda ta taho da shi da take ji da shi: wani ɗan tsiron lalle da ta tono daga bayan ɗakinta na can, ta sa a fasasshiyar tukunya, ta rungume shi a cinya a bayan motar da ta kwaso su. An ce har faɗa ta yi da direba da ya ce a ɗora tukunyar sama da sauran kaya.

Lokacin da aka kawo ni gidan, lallen ya fi mutum tsawo. Yana jingine da bayan ɗakin Inna, tsakanin bango da darni, kana tsallake darnin kuma sai hanya. Duk amaryar da aka yi a dangin nan da ganyensa aka yi mata ƙunshi, har da ni. In ya yi fure da yamma, ƙamshinsa har cikin madafa. Inna ba ta yarda kowa ya tsinki ganye ko ɗaya sai ita, kuma ba ta yarda a yi mata zancen sake ɗaki. Maigidana ya sha ce mata zai gina mata wani mai rufin kwano a ɓangarenmu, ita kuma amsarta ba ta canzawa.

"An tashe ni sau ɗaya," haka take cewa. "Na biyu sai cikin makara."

Da rani abin ya faru, lokacin da tumatir ya nuna a gonakin noman rani. Da hantsi ne, ina tsakar gida ina surfe. Na ji wata babbar mota mai ɗauke da kwanduna ta wuce ta bayan darni tana nishi kamar yadda suka saba. Ba ta yi nisa ba sai na ji wata ƙara, ba mai ƙarfi ba, kamar an juye buhun gero a cikin rumbu. Turmi ya motsa a gabana. Kaji suka watse. Na ajiye taɓarya na je na leƙa ta tsagar darni, sai na ga babu hanya. Wurin da jakuna da kekuna suka bi da safe ya zama baki buɗe, wanda zai haɗiye ɗaki har da jinkarsa.

Allah Ya tsare, ba wanda ya faɗa. Direban motar ya tsaya can gaba, ya sauko, ya waiwaya ya ga abin da ya tsallake. Nan take ya faɗi ya yi sujada. Yana cikin sujadar sai ya tuna a kan wace irin ƙasa goshinsa yake, ya zabura ya bar wurin da gudu, hularsa ma sai daga baya aka kai masa.

Ta tsagar darnin nan na ƙare wa ramin kallo. Daga sama jar marmara ce mai tauri, kaurinta bai fi kamu biyu ba, ta yi kamar murfi. Ƙarƙashinta farin yashi ne jiƙaƙƙe yana ta zubowa a hankali. Can ƙasa duhu, amma in mutane suka yi shiru kana jin motsin ruwa. Abin da ya ɗaure wa kowa kai ke nan. Da damina ce da an ce ruwan sama ne. Rabonmu da ganin hadari kuwa an yi watanni.

Kafin azahar kowa ya zama masani. Maza a bakin rami, mata a tsakar gidanmu, don gidanmu ne mafi kusa da kallo. Wata ta ce gidan aljanu ne aka yi wa hanya a kai suka gaji da ƙarar motoci. Wata tsohuwa 'yar asalin wurin ta ce tana yarinya akwai inda masu ginin tukwane ke haƙar yumɓu a wajen, amma ba za ta rantse nan ne ba. Wasu suka ce tsohuwar rijiya ce aka cike aka manta. Liman ya aiko a yi ta addu'a, ya ce amma a bincika, don Allah ba Ya yin abu sai da sanadi. Ƙanin mijina, wanda ba ya raina wa kansa sani, ya ce gara ce ta cinye ƙasar daga ciki, shi ya daɗe yana faɗi ba a ji. Ba wanda ya tuna ya taɓa faɗi.

Aka tambayi Inna. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa.

"Ƙasar ce ba ta da tarbiyya," ta ce. "Garinmu na yi aure na haihu na yi jikoki, ban taɓa ganin hanya ta buɗe baki ba."

Ni dai na tuna wani darasi da aka yi mana a makaranta, cewa ruwa yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda yake tafiya a sama, yana da hanyoyinsa. Na faɗa wa maigida da ya shigo cin abinci. Ya ce, "To, malama, mun ji," ya ci gaba da loma.

Tumatir ba ya jira, motoci kuma sun kasa shigowa, don haka aka kira gayya. Ƙanin mijina ne sarkin aikin. Aka yi ta jido ƙasa da jakuna da amalanke, aka zuba karan dawa, aka kwaso ɓuntun shinkafa tuli guda daga wurin casa, don tun da ruwan dam ya kawo noman shinkafa ɓuntu ya zama abin da ake neman inda za a zubar. Mu mata muka tuƙa tuwo, makaɗi yana ta zuga su. Da la'asar rami ya cika har ya yi tozo.

A nan ne suka yi abin da duk mutumin kirki na wurinmu zai yi. Wanda ya taɓa daɓen ɗaki ko cike gindin katanga ya san ba a barin sabuwar ƙasa haka, sai an ba ta ruwa ta zauna. Su kuma a lokacin ba abin da suke alfahari da shi kamar lanƙwasassun tiyon nan da aka koya musu, waɗanda ake tsoma baki ɗaya a magudana a toshe ɗayan da tafin hannu a girgiza, sai ruwa ya tsallako gona da kansa. Suka ja ɗan kwari daga ƙaramar magudana har bakin ramin, suka jera tiyo, suka saki ruwa. Ƙasa tana sha suna murna. Tana ƙara sha suna cewa ai zama take yi. Har rawa suka taka a kai kafin magariba.

Da gari ya waye babu ƙasa, babu kara, babu ɓuntu. Ramin ya shanye aikin gayya kaf, ya ƙara faɗi, kuma ya matso. Tsakaninsa da darninmu bai fi tsawon tabarma ba.

Ƙanin mijina ya shigo gaida Inna yana sunkuyar da kai. Ni kuwa ina jiransa.

"Sannu da aiki, injiniya," na ce. "An ce hanya ta yi kyau, har kwalta za a zuba."

"Ke dai matar yaya, ki ji tsoron Allah. Tuwonki ne ya yi nauyi. Mun ci mun taka, ina ƙasa za ta iya da mu?"

"Kwano nawa ka ce a ƙaro maka?"

"Don kar a ce amarya ba ta iya ba ne na daure."

Inna ma sai da ta yi dariya. Amma dariyar ba ta daɗe a gidan ba, don kowa ya ga inda ramin ya dosa. Maigida ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi roƙo, ya kawo hadisi, ya kawo zancen jikoki. Ta bar shi ya gama.

"Ka gama? To tashi ka tahi gona. Ruwa ya kore ni na bar mishi gari. Rami kuma ya zo ya iske ni."

Ni ba ni da bakin yi mata musu, surukuta ba ta ba ni wannan ba. Sai dai duk sallar da na yi sai na sa ta a addu'a, kuma na koma ina ƙirƙiro dalilan da za su fito da ita tsakar gida. In ce ta zo ta ɗanɗana mini miya. In ce ta duba mini ko dawar nan ta surfu. Ta gane, amma tana ɗanɗanawa sai ta koma.

Rijiyarmu tana cikin gida, ta ɓangaren gangare, da murfinta na katako. Ranar da na je ɗiban ruwa bayan gayyar, na jawo guga sai na ga ruwan ya yi ja, ga wasu abubuwa suna yawo a kai. Na sa hannu na kwaso. Ɓuntun shinkafa ne. Na ce ko kaji ne suka yi tono iska ta kwaso, amma ai rijiyar a rufe take, kuma mu a gidan ba mu casa shinkafa ba. Na sake zura guga. Ya fito da wanda ya fi na farko, har da guntun karan dawa.

Na tsaya da igiya a hannu na ɗaga kai. Daga inda nake, ga ɗakin Inna. Bayansa ga kan lalle yana leƙowa. Bayan lalle darni, bayan darni rami. Duk a layi ɗaya, kamar an ja zare. Abin da aka zuba a hanya ya biyo ta ƙarƙashin gadon Inna ya fito a rijiyata. Na zauna a bakin rijiyar na yi ta maimaita innalillahi. Sannan na juye ruwan a ƙwarya na rufe da faifai na ajiye.

Da maigida ya gani bai ce mini malama ba. Ya hau keke ya tafi Talata Mafara, ya dawo tare da wani ma'aikaci mai gwajin ƙasar gonaki, Kirista ne daga kudu, ya daɗe a garin har Hausarsa ta nuna. Ya zagaya ramin, ya murza yashin a hannu, ya sa aka zura gora mai tsawo. Sannan aka yi masa iso cikin gida, muka yafa mayafai. Ya durƙusa ya gaida Inna, gaisuwa mai tsawo yadda take so, har ya tambayi awaki.

Ya ce shi ba zai yi rantsuwa ba, don ba wanda ya shiga ƙarƙashin ƙasa ya gani. Akwai wuraren da farin dutse ne a ƙasa wanda ruwa ke narkarwa a hankali, amma bai ga irinsa a nan ba. Tsohuwar rijiya ko ramin yumɓu na iya zama mafarin abin. Gara kuwa, ya ce, tana iya taimakawa, amma garar da za ta yi wannan aiki ita kaɗai da ta cinye ƙauyen tuntuni. Ƙanin mijina ya ce ai shi ma taimakawa ya ce.

Maigida ya miƙa masa ƙwaryar, ya faɗa masa inda aka samo. Mutumin ya je bakin rijiya ya tsaya inda na tsaya, ya daɗe yana kallo.

"Gayyarku ba ta tashi a banza ba," ya ce. "Kun aika saƙo ta ƙarƙashin ƙasa, ga shi ya iso."

Ya yi mana bayani da sanda a ƙasa. A ganinsa, a zamanin da akwai wata 'yar ƙorama da ta bi ta nan, yashi ya binne ta, marmara ta rufe. Ƙarƙashin yashin kuma yumɓu ne, wanda ba ya barin ruwa ya nutse. Da can ƙasar tana bushewa da rani ta huta. Yanzu da ake ban ruwa rani da damina, ruwan da ya tsiyaya daga gonaki yana neman hanya, sai ya sami tsohuwar ƙoramar ya bi, yana ɗibar yashi kaɗan kaɗan. Ciki ya zama kogo, marmara ta riƙe sama kamar rufin soro, har ranar da mota mai nauyi ta taka. Maganin, ya ce, a daina ba ramin ruwa, a fara jera manyan duwatsu a ƙasa, sannan tsakuwa, sannan yashi, don ruwa ya wuce abinsa ba tare da ya saci ƙasa ba. Sannan ya juya wajen Inna.

"Mama, don Allah ki bar ɗakin nan. Ban ce zai faɗi gobe ba. Amma ba zan kwana a ciki ba."

"Ɗana, kai an taɓa tashinka?"

"Kullum, Mama. Aiki ya kai ni nan, ya kai ni can."

"To kai ka saba. Allah Shi yi maka albarka, a ba shi hura ya sha."

Ya sha fura ya tafi. Inna ta koma ɗakinta.

Da yamma na zagaya bayan ɗakin don in kwashe shanya, sai na ga ƙasa ta tsage a gindin lallen, tsaga siririya, kuma ya ɗan karkata wajen hanya. Na daɗe a tsaye. Sannan na ɗebi ruwan alwala a buta na kai mata, na durƙusa, na yi abin da ban taɓa yi ba, na fara magana ba a tambaye ni ba.

"Inna, kin ce ba ki tashi, mun ji, ba mai sake ce miki komai. Amma lalle bai yi rantsuwa ba. Gindinsa ya tsage."

Ba ta dube ni ba. Ta karɓi buta ta yi alwala. Da ta idar da sallah na ga ta ɗauki sandarta ta zagaya baya.

Washegari tun ban gama ɗumame ba na ji muryarta tana kiran ƙanin mijina, ya zo da galma da magirbi, kuma kar ya kuskura ya zo da tiyo. Ita ta nuna rassan da za a rage. Ita ta zana da sanda inda za a fara tono, nesa da gindi, don a ɗauko shi da ƙasarsa. Tana tsaye a kansa tana faɗa.

"A hankali, kai! Saiwa ce, ba rogo kake haƙa ba. Wanga icce ya girme ka a gidan nan."

"Inna, ai ni na riga shi zuwa duniya."

"Ya hi ka amfani dai."

Aka naɗe gindin da buhu, maza suka ɗauko shi kamar ango, aka dasa shi a ɓangarenmu inda ƙasa take da tauri, kusa da wani ɗaki da muke ajiye tarkace. Aka yi masa 'yar rumfa ta zana. Na ce zan riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke da kike mance tukunya a wuta in kin sami takarda? Awaki kuma wa zai kora?"

Ta sa aka kawo mata tabarma ta wuni a gindinsa. Da rana ta yi sanyi ta ce a share mata ɗakin tarkacen nan, a kawo gadonta, don awaki da asuba suke ɓarna. Maigida ya buɗe baki zai yi hamdala, ta ɗaga masa hannu.

"Kar in ji. Ba tashi na yi ba. Jinya na zo. In ya warke in koma, in ya mutu ma in koma."

To fa. Sai ga lalle ya zubar da ganyensa kaf, ya zama tsinke. Ban taɓa zaton zan yi wa itace addu'a a sujada ba, amma na yi, na kuma nemi gafara in akwai wauta a ciki. In Inna ta shiga sallah sai in lallaɓa in kankare ɓawon da farce in ga ko akwai sauran kore. Wata rana ta kama ni.

"Ɗiyata, in kika ƙara ƙwaƙule shi, ke za ki kashe shi ba rami ba."

Ita ta fara ganin tohon. Ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba, ta nuna mini da ɗan yatsa, wasu 'yan ɗigo kore a jikin reshe, ƙanana kamar ƙwayar gero. Muka tsaya mu biyu muna kallo kamar an yi mana haihuwa. Sai dai ban manta ba, ta ce in ya warke za ta koma.

"Ya tashi," na ce a hankali.

"Ina ya tashi? Dubi yadda ya rame. Mai jinya ba ya tahiya daga ganin an buɗe ido."

An gyara hanya da duwatsu yadda mutumin ya ce, muka daina shan rijiyar aka haƙa wata. Tsohon ɗakin Inna kuwa ya ƙi faɗuwa. Muka mai da shi wurin ajiyar albasa. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta nuna masa shi da baki ta ce, "Ga shi can tsaye, masu ilimi sun ce zai ruhta." Amma ko sau ɗaya ba ta ce a mai da gadonta ba. Kullum lalle bai gama warkewa ba, har ya yi fure, har aka yi wa ƙanwar mijina ƙunshin aure da shi.

Sai wata damina, bayan an kwana biyu ana ruwa, na buɗe ɗakin zan ɗebi albasa na tarar daɓen ya lotsa tsakiya kamar ƙwarya, albasa duk ta gangaro ta taru a wuri ɗaya, daidai inda gadonta yake a da. Bango ya tsage har kana hango hanya. Na je na kamo hannunta na kawo ta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, leɓunanta suna motsi. Na ɗauka kuka za ta yi, har na fara share nawa.

Ta juya ta nufi ɓangarenmu tana dogara sanda.

"Allah Ya so na fitar da lallena da wuri," ta ce. "Da na biye muku, da yanzu ya tahi."